Takalman birki bayan zagaye a Nürburgring

Ranar Asabar na shiga filin tsere na Nürburgring a Jamus, inda kowa ke biyan kuɗi ya zaga da motarsa, kusan kilomita 21 a zagaye ɗaya. Ina fitowa, ƙauri na tashi daga tayoyin gaba, baƙar ƙura ta lulluɓe su. Da makanike ya kwance, takalmin birki na ciki ya fi na waje cinyewa, fuskarsa tana sheƙi kamar gilashi. Aikin zafi ne, in ji shi, takalman hawa titi na yau da kullum ba sa jure irin wannan taka birki. Muka sa masu jure zafi, muka sauya man birki. Sai dai ƙarar da suke yi a cikin gari, jama'a, abin sai haƙuri!