Faifan The Irishman ya iso hannuna

Wani ɗan'uwa ne ya taho mini da shi daga Amurka, bugun kamfanin Criterion na shekarar 2020. Fim ne na Netflix, ina iya kallonsa a intanet duk lokacin da na ga dama, amma ni mutum ne mai son ganin abina a kan kanta.

Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne, a Netflix fim ɗin yana nan a 4K, wato hoto mai kaifi sosai, faifan kuwa Blu-ray ne na 1080 kawai. Criterion ba su fara buga 4K ba sai a Nuwamban 2021, shi ya sa masu tara faifai suke ta ƙorafi har yau. Kuma da gaskiyarsu. Ɗigon hoton 4K ya ninka na 1080 sau huɗu, faifan 4K kuma yana ɗaukar har gigabait 100.

Duk da haka, wallahi wuraren duhu sun fi fitowa tas a faifan nawa fiye da a Netflix, don intanet matse hoto yake yi. Ga shi babu tsayawa, babu cin data.

In suka sake buga shi a 4K, zan saya, ko da Hajiya za ta yi faɗa.