Ranar da na karkata tayoyin Saladin

Asabar. Hazo ya sauka tun asuba, har dalbejiyar da ke ƙofar gidanmu a Unguwar Shanu da ƙyar ake hango ta daga falo. A irin wannan rana ba a taɓa fenti, don ƙura za ta zauna a kai kamar an barbaɗa gari. Sai na ce yau ta yanka da liƙi ce.

Wata uku ke nan da na tsinci kwalin nan a Kasuwar Barci, cikin tarin kayan wasan yara na gwanjo. Ƙaramin samfurin roba ne da ake harhaɗawa, na motar sulke ta Ingila, Saladin, mai taya shida, a ma'aunin 1/35, wato an rage girman ta gaske sau 35. Kwalin ya yi laushi, takardar bayanin ta koma ruwan ƙasa, amma roba ko ɗaya bai ɓace ba. Tsohon yayi ne, na zamanin da ake sa wa irin waɗannan ƙaramin inji da batura su yi ta gudu a tsakar ɗaki. Shi ya sa cikinta akwati ne kawai, ƙasanta da ramuka, tayoyin kuma a jere a kan sandunan ƙarfe. A lokacinta ta yi abin da aka yi ta domin shi. Ni wani abu daban nake nema a jikinta.

Da hantsi na leƙa Tsohuwar Panteka wajen wani mai naɗin kwail, na roƙi guntun wayar tagulla ta tsohuwar fanka. Ya ba ni dunƙule guda, ya ƙi karɓar ko sisi. Da na nuna masa hoton abin a waya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yallaɓai, ai kai ma ɗan Panteka ne."

Aikin farko shi ne mariƙai, wato ƙarafan da ake kamawa da hannu a jikin motar. A kan robar an yi su ne kamar kumburi, babu inda ɗan yatsa zai shiga. Na kankare su da sabuwar reza, na goge wurin da samfefa, na huda ramuka biyu-biyu da allura. Lissafin ba wuya: ƙarfen da kaurinsa ya kai santimita 2 a motar gaske, in ka raba gida 35, ya ɗan haura rabin milimita. Wayar fankar ta yi daidai. Na riƙa lanƙwasa ta a bakin filaya a wuri ɗaya, don duk su fito tsawo guda. Na yi goma sha ɗaya, biyu suka kuɓuce daga hantsaki suka shige cikin kafet, tara suka zauna. Da na ɗaga motar ta fuskanci taga, haske ya ratsa ta ƙarƙashin kowane mariƙi, sai da na yi shiru na ɗan lokaci ina kallo.

Bakin igwar ma a toshe yake. Ta gaske milimita 76 ce, wato a nan milimita 2 da ɗoriya, na murza ramin a hankali har ya buɗe. Ramukan batura na rufe su da tsohon katin layin waya. Bututun harba hayaƙin ɓuya, shida a kowane gefen hasumiyar igwar, su na bari sai gobe.

Bayan la'asar Baba Saje ya shigo, kamar yadda ya saba ran Asabar. Maƙwabcinmu ne tun ina yaro, ya haura tamanin, kuma direban motar sulke ne a zamaninsa. Shi ya fara ba ni labarin rundunar sintiri da ke nan Kaduna, wadda Manjo Hassan Usman Katsina ke jagoranta a farkon 1966, da motocinta ƙirar Ferret. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, shi Saladin ya tuƙa. Ba ya yawan maganar yaƙin, ni ma ba na tona masa. Amma in zancen mota ne, sai dai ka gaji.

Na miƙa masa ita a kan faranti. Ya sa tabarau, ya juya ta gaba da baya, ya shafa mariƙan da farce.

"Wannan ya yi," in ji shi. "Amma ɗana, motarka ba za ta sha kwana ba."

Na ce, "Baba, ta yaya?"

Ya ce tayoyi huɗu na gaba duk sitiyari ke juya su, na bayan ne kawai ke tsaye. Kuma na tsakiya ba sa karkata kamar na gaba, nasu kaɗan ne, in ba haka ba motar ta riƙa jan ƙafa. Ya aje cokulan shayi uku a kan tebur ya gwada mini, na farko a karkace sosai, na biyu ɗan kaɗan, na uku a miƙe. Na sha ganin hotunan motar nan a intanet, na san kamfanin Alvis ne ya ƙera ta a Kobentiri, na san injin Rolls-Royce ne a bayanta, na san mutum uku take ɗauka. Wannan karkatar dai idona bai taɓa tsayawa a kanta ba, sai da cokali ya nuna mini.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce direba a tsakiya yake zama, can gaba, zafi kamar gidan burodi. Ya ce giyarta biyar gaba, biyar baya, ana zaɓar giya tukuna sannan a taka feda ta shiga. In an daɗe a kan kwalta tayoyin sukan ɗaure wa juna, sai a sauka gefe a bi ƙasa mai gargada su saki. Yana faɗa hannunsa na dama yana motsi a iska, yana neman abin da ya bari shekara hamsin da wani abu.

Bayan ya tafi masallaci na zare sandunan ƙarfen nan biyu na gaba. Gabana ya faɗi kafin in sa reza, don robar ta tsufa, in ta tsage ba ni da wata. Na yanke kowace ƙafar da ke riƙe da taya, na huda, na sa guntun waya mai kauri a matsayin ƙashi, na lanƙwasa gwargwadon cokulan Baba. Ta tsakiyar hagu ta tsage, kamar yadda na ji tsoro. Na cike tsagar da sufa gulu da ɗan garin robar da na goge, na bar ta ta bushe. Aka ɗauke wuta ana kiran isha'i, na ƙarasa da fitilar waya a jingine da kofi, Maman Yasmin tana riƙe mini da faranti tana cewa in yi a hankali da yatsuna.

Yanzu tana kan sif, na kifa mata roba saboda ƙura. Babu fenti, jikinta dabbare-dabbare, koren roba da jan tagulla da farin kati. Amma tayoyinta sun karkata hagu, kamar direba ya tsaya a tsakiyar kwana. Baba ya ce in an zo fenti in kira shi, akwai inda takalmi ke goge launi a gefen ƙofar direba, shi zai nuna mini wurin.