Abin da wata shida a ɗakin labarai ya koya min game da labarin gwamna

Gara in faɗa tun farko, gidanmu 'yan jar hula ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 da aka rantsar da Abba Gida-Gida a matsayin gwamnan Kano har shinkafa aka dafa aka raba wa maƙwabta. A cikin wannan murnar makaranta ta tura ni koyon aiki wani gidan rediyo a nan cikin gari, kuma ko sati ban yi ba aka fara rusau, Daula Otal, shagunan filin Idi, shataletalen gidan gwamnati, kullum ka tashi da safe sai ka ji an kwana ana rushe wani wuri.

Edita ya miƙo min sanarwar da ta zo daga ɓangaren gwamnati ya ce in mayar da ita labarin ƙarfe ɗaya. Na zauna na rubuta cewa gwamna na ci gaba da ƙwato filayen al'umma da aka sayar ba bisa ƙa'ida ba. Ya karanta, ya sa jan biro ya ja layi a ƙarƙashin ƙarshen jimlar, ya ce "Ƙanena, wa ya ce ba bisa ƙa'ida ba? Kai, ko gwamnati, ko kotu?" Na ce Oga ai kowa ya sani. Ya ce kowa ba shi da suna, kuma ba za ka iya kiran sa a waya ba. Kalma uku kawai ya ƙara a gaba, "gwamnati ta ce", sannan ya ba ni rikoda ya ce in hau adaidaita in tafi Ƙofar Mata, inda filin Idin yake, in dawo masa da muryar wanda aka rushe wa.

Wallahi har yau ina ganin mutumin nan. Dattijo ne, yana zaune a kan guntun bulo, yara na ta ɗibar rodi a bayansa suna gudu da shi, shi kuma ya rungume wata baƙar leda cike da takardu da rasit, yana zaro su ɗai-ɗai yana nuna min duk da ban tambaye shi ba, ya ce shi bai san Ganduje ba bai san Abba ba, gidan gadonsu ya sayar ya sayi shago biyu. Da safe ni na kusa karanta wa dubban mutane labarin da babu shi a ciki sam, kuma da an tsare ni zan rantse ban yi ƙarya ba.

A hanyar dawowa mai adaidaita ya kunna wata tashar, su kuma cewa suke gwamna na rushe dukiyar talakawa don huce haushin gwamnatin baya, ko sau ɗaya ba su ambaci cewa filin nan na sallar Idi ne ba, ko cewa Daula kadarar jiha ce. Su ma ɓoye rabi suka yi, irin nawa sak, gefen ne kawai ya bambanta.

Sai maganar kuɗin mota, ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai. Ban cika zagin masu karɓa ba tunda na ga wakilin da ya yi wata uku ba albashi ga iyali ga haya, amma na lura hannun da ya karɓa ba ya iya rubuta tambaya mai zafi washegari. Abin da ya fi damuna ma sojojin baka ne. Ɗan siyasa ya sayi fili a rediyo, su shigo da daddare su yi ta yabo ko zagi, mutane a majalisa ba sa bambance wannan da labarai. Babana da kansa sai ya ce "ai a rediyo na ji", shi ke nan magana ta ƙare a wajensa.

Ranar 20 ga Satumba da kotun sauraron ƙarar zaɓe ta soke ƙuri'u sama da dubu 165 ta ce Gawuna, ɗan takarar APC, ne ya ci, Facebook ya cika da "an cire gwamna". Ni hannuna ma rawa yake. Edita ya dage sai mun saka a jimla ta biyu cewa akwai ɗaukaka ƙara kuma Abba na nan a kujerarsa, ya ce gari na cikin dokar hana fita, kalma ɗaya na iya fito da matasa titi. Sai 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Abba, lokacin na riga na koma makaranta.

A Mayun 2024 da aka dawo da Sarki Sanusi, Aminu Ado da aka cire kuma ya sauka gidan sarki na Nasarawa, wata da muka yi aikin tare ta kira ni ta ce sun fi awa suna gardamar wa za a kira Sarkin Kano a labaran yamma. Ƙarshe suka tsaya a kan sarki na 15 da sarki na 16, kowa da sunansa. Ta ce kafin isha'i ɓangarorin biyu duk sun bugo waya sun zage su.