Yaushe ɗan sanda zai iya shiga gidan da ake shagali?

Na daɗe ina ɗauka cewa hayaniyar shagali kaɗai ta isa ta buɗe wa 'yan sanda ƙofa, sai da na duba dokar Amurka na ga ba haka abin yake ba. Gyara na huɗu na kundin tsarin mulkinsu, wanda aka amince da shi a 1791, shi ne ya sa ba a kutsawa gidan mutum sai da takardar izinin alƙali. Idan maƙwabta sun kai ƙorafi, ɗan sanda na iya ƙwanƙwasa ƙofa, amma in babu takardar, shiga sai da yardar mai gida ko wata larura ta gaggawa.

Larurar ce ta fi jan hankalina. A 2006 Kotun Ƙoli ta duba batun wani shagali a garin Brigham na jihar Yuta, inda da misalin ƙarfe uku na dare 'yan sanda suka hango ta taga wani matashi ya naushi wani babba har ya tofar da jini, suka shiga. Kotun ta ce sun yi daidai, domin kai ɗauki ga wanda aka raunata ba ya jiran takarda. Kuma da zarar sun shiga bisa doka, duk haramtaccen abin da ke fili suna iya ƙwace shi.