Ta warke daga Hodgkin, amma awo bai ƙare ba

Ƙanwata tana shekara 19 kaluluwa ta fito mata a wuya, ƙulu kamar gyaɗa, ba ciwo ba komai, ashe kansa ce, wadda likitoci ke kira Hodgkin. An yi mata kemo, wato maganin kashe kansa, aka yi mata gashi a ƙirji, wato ƙona kansar da hasken na'ura, Alhamdulillah ta warke har ta yi aure.

To abin da ke hana ni barci shi ne, macen da aka yi wa gashi a ƙirji kafin ta kai 30 haɗarin kansar mama na ƙaruwa mata sosai, kusan daidai da matan da suka gaji matsala a ƙwayar halittar da ake kira BRCA1, kuma ba nan take ba, sai bayan shekaru goma ko ashirin lokacin kowa ya manta. Wani bincike na 2019 da masana a Holand suka jagoranta ya nuna ƙwayoyin halittar da mace ta gada na iya ƙara haɗarin a kan na gashin, goggonmu kuwa da kansar mama ta rasu.

Ƙa'idar ita ce awon mama duk shekara, hoton mama na mamogiram da na MRI, daga shekara 25 ko shekara 8 bayan gashi, wanda ya zo ƙarshe. Bana ta cika 27. Jiya na kira ta, na ce ranar Litinin ni zan kai ta da kaina.