Wuƙar Baba ta ƙi fita daga kube

Yau Asabar wallahi ban yi niyyar leƙa ko ƙofar gida ba, zafin nan ya isa mutum ga wuta tun jiya da magariba ba a kawo ba. Ina kwance kan tabarma a tsakar gida Maman Ummi tace tunda Sallah ta matso in duba wuƙaƙen nan tun yanzu, kar sai ranar rago na ɗaure a fara aiken yara maƙota aro. Nace to. Na taka kujera na ɗauko wuƙar Baba daga saman sif inda na ajiye ta tun bara.

Na ja ta ƙi fita. Na sake ja, shiru, kamar an liƙe ta da gam. Sai da na kira Auta ya riƙe kuben ni kuma na kama ƙotar da hannu biyu, tana fitowa ɗinkin bakin kuben ya ɓalle, wani wari ya bugo mu irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Jama'a ruwan wuƙar nan gaba ɗaya tsatsa, wani wurin ja wani wurin baƙi ƙirin, wajen tsinin har da ƴan ramuka kamar gara ta ci. Cikin kuben kuma fumfuna. Ƙotar ma na girgiza naji tana motsi.

Kuma ba wanda zan ɗora wa laifi, shi ne abun haushin. Ni na sa ta da hannuna ranar Sallar bara, Juma'a 6 ga Yuni, layyarmu ta farko babu Baba. Na wanke ta da omo tas, na goge da tawul, na zura ta a kube na ɗora can sama inda yara ba za su kai ba, har ina jin na kyauta. Ta sha damina a ciki, ta sha ruwan Agusta, hunturu ya zo ya wuce, ban taɓa tunanin in duba ba.

Auta ko a jikinsa. Wai Yaya meye abun damuwa, a sayo irin ta silbar nan da bata tsatsa, ai akwai wani sinadari kiromiyam a ciki shi ke hana ta. Nace naji malamin kimiyya, ɗauko min lemon tsami da toka. Na zauna na dirza da soson waya kusan awa ɗaya, jan ya tafi baƙin yace yana nan. Ummi na tsugune a gefe tana ta tambaya wai wuƙar ciwo take yi.

Bayan azahar na hau adaidaita zuwa kasuwar Kurmi. Na manta yadda layukan nan suke matsewa, in mai kura ya taho sai ka manne da bango.

Dattijon badukun da na samu bai ma ɗago ba da farko, yana ta aikinsa. Da na miƙa masa ya juya kuben ya shinshina, yace wannan tsohon aiki ne, fatar akuya ce jimar bagaruwa, jan kuma karan dafi ne ba kalar kanti ba. Sai ya leƙa ciki ya ga inda ya yi baƙi, yayi dariya yace Alhaji ai kuloko ka haɗa a gida baka sani ba. Nace kamar yaya Baba? Yace baƙin da suke zana wa fata ado da shi ai ƙarfe ake jiƙawa, da ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa sai ta koma baƙa. To kai ka haɗa ƙarfe da fata da lema ka rufe shekara guda, me kake jira ya fito? Fata tana shan danshin iska ta riƙe, ita kuma wuƙar maƙera irin wannan da ake bugawa da sifirin mota kaifi gare ta amma bata haƙuri da ruwa ko kaɗan. Na tambaye shi ko in kai wa masu inji su ɗauke min baƙin, ya ɗago ya kalle ni sosai a karon farko yace in kana son ta kar ka kai, injin zai cinye ta, in bakin yayi zafi ya canza kala shikenan ƙarfen ya mutu ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Ya ɗinke min bakin kuben a ramukan ɗinkin da, bai huda sabo ba. Yana miƙo min ya shafa ƙotar da babban yatsa yace ƙirya ce, kuma duk wanda ke riƙe da wuƙar nan a da ya san abinda yake yi, dubi yadda itacen ya sha mai shekara da shekaru. Nace mahaifina ne, Allah ya yi masa rasuwa. Yace Allah ya jiƙansa. Na fito ina jin daɗin maganar har raina, duk da ni na ɓata.

Daga nan na biya wajen Hajiya, dama Asabar ce.

Na same ta a rumfa tana tsince shinkafa, rediyo a gefe. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi ƙafar Maman Ummi. Ban so nuna mata ba amma leda na hannuna kuma kun san Hajiya da ido. Tace meye a ciki? Na fito da ita. Ta karɓa ta daɗe tana kallo bata ce komai ba, ni kuma don in rage nauyin abun sai na shiga bata labarin baduku, nace har yabon Baba yayi wai ya iya kula da wuƙa.

Hajiya ta ajiye faranti ta fara dariya, irin dariyar da rabon da inji ta tun kafin rasuwar, har tana share ido da bakin mayafi. Nace Hajiya lafiya? Tace kai yaron nan (shekarata 40 amma har gobe bata faɗin sunana, kun san ɗan fari), Malam ne ya iya kula da wuƙa? Malam yanka ya iya. In ya yanka ya feɗe, nan zai ajiye ta bakin rijiya da jininta da komai ya wanke hannu ya tafi zaure karɓar gaisuwa.

Nace to wa ke...

Tace wa kake gani?

Wallahi sai naji kunya ta rufe ni. Ni abinda na sani tun ina yaro shi ne ranar Sallah in an sauko daga idi Baba zai zauna a zaure, ya zare wuƙar nan daga kube tana ƙyalli, ya ɗiga ruwa a dutse ya wasa ta a hankali, kuma bai taɓa wasawa a gaban ragon ba, yace hadisi ya yi umarni a kaifafa wuƙa a hutar da dabba, ba a tsorata ta. Hoton da ke kaina kenan. A kube na saba ganin ta shi yasa na ɗauka a kube take kwana shekara.

Tace tun Sallar farko da aka kawo ta gidan, shekarar da Buhari ya canza kuɗi, 1984 kenan, ita ke ɗauke wuƙar daga bakin rijiya. Kuma bata tsaya bani labari ba, ta aiki yarinyar da ke taya ta aiki ta ɗebo toka a murhu, ta yago tsumma, ta zauna ta nuna min. Tace ba a jiƙa wuƙa a ruwa a bar ta, ruwan ɗumi ake zuba wa ruwan wuƙar kawai a wanke jinin tun bai bushe ba, ƙota kuwa ba ruwanta da wanka, in ta sha ruwa ta kumbura hunturu na zuwa zata tsuke ta saki ƙarfen, shi ne wannan motsin da kake ji. Ta dangwali toka da ɗanyen tsumma tana gogawa daga gadon bayan wuƙar zuwa baki, hannunta ko rawa baya yi, ni da nayi awa guda da soson waya ban fitar da abinda ta fitar a minti goma ba. Tace in an goge an share, tawul baya isa, sai an ajiye ta kusa da murhu inda ake suya ta ɗan yi ɗumi, saboda ruwan da ke maƙalewa a mahaɗar ƙota da ƙarfe ido baya ganinsa kuma daga nan tsatsa ke farawa. Sannan a shafe ta da kitsen ragon da aka narkar kafin a sa masa gishiri, ko man shanu. Nace man gyaɗa fa? Ta yatsina fuska tace yana danƙo yana wari in ya kwana biyu. Bakin mai kuwa da wasu ke shafa wa adda, tace wannan ba a kai shi kusa da abinda zai taɓa naman da mutane za su ci.

Sai a naɗe ta a farin ƙyalle a sa a adaka. Kuben kuma daban. Shi ma sai ta goge shi, ta ɗan shafa masa man kaɗe kaɗan, ba a cika ba don kar ya yi laushi ya saki, ta zura masa kara a ciki kar ya shafe, ta rataye a inuwa inda iska ke shiga. In damina ta wuce ta sauke ta duba, in hunturu ya tsananta fata ta fara bushewa ta ƙara masa mai. Daren Sallah ne kawai take haɗa su, ta zura wuƙar a kube ta ɗora kan buzun Malam tare da kayan da zai sa.

Shekara 40. Ina gidan aka yi mafi yawansu, ina shiga ɗakin nan ina fita, na sha ganin kuben a rataye bayan ƙofa da kara a ciki, ban taɓa cewa meye wannan ba.

Nace Hajiya to bara da kika ga na ɗauka me yasa baki faɗa min ba? Kuma na faɗe shi da ɗan zafi, Allah ya yafe min, kamar ita ta sa tsatsar.

Ta ci gaba da gogawa tace ka tambaye ni ne? Tayi shiru kaɗan. Sai tace na ganka ai, ina daga nan inda nake zaune, ka wanke ta da omo ka zura. Na buɗe baki zan yi magana sai naga yadda ka riƙe ta, ka sa ta a hammata irin yadda Malam ke yi, ga ƙannenka duk suna kallonka, ga matanku. Nace yau ce rana ta farko da ya tsaya a wurin ubansa, ba zan gyara masa a gaban yara ba. Nace in an kwana biyu zan faɗa maka, sai kuma nauyin bakin ya kama ni, kullum kazo sai ince sai wani zuwan.

Ban san me zan ce ba. Na ɗauki farantin shinkafar na hau tsincewa kamar wani abun kirki nake yi.

Baƙin bai fita duka ba, ramukan tsinin ma suna nan, tace waɗannan sun zauna kenan sai dai a hana su ƙaruwa, kuma ba za su hana ta yanka ba. Ƙotar tace in kai wa maƙeri ya ɗaure ta, kar in ce zan yi da kaina da supa gulu, kamar ta shiga raina wallahi don abinda nake shirin yi kenan. Da zan tafi na miƙa hannu zan ɗauka sai ta riga ni, ta shafe ta da man shanu ta naɗe a ƙyalle ta tura ƙarƙashin cinyarta. Tace kube dai tafi da shi ka shanya a inuwa, wannan in ka samo maƙerin ka zo ka karɓa, ka dawo min da ita. Nace to Hajiya. Me zan ce.

A hanya naga raguna an fara saukewa, ban ko tsaya tambaya ba, ban shirya jin kuɗin ba yau.

Maman Ummi na bata labari bata yi mamaki ba ko kaɗan, wai ai ita ta sani, ta taɓa ganin Hajiya na yi shekarar da aka kawo ta. Nace ke ma kin sani kika bar ni? Tace ni na isa in shiga tsakaninka da wuƙar Baba? Auta na gefe yana danne dariya. Ban ci tuwon kirki ba, ba don fushi ba, kawai dai abun ya tsaya min a rai. Ina ta lissafin abubuwan da nake cewa Baba kaza Baba kaza, rawaninsa da kullum yake fari tas, takalmansa na fata da basu taɓa tsagewa ba, butarsa da ko da asuba cikin sanyi ruwanta da ɗumi. Ban taɓa ganinsa yana hura wuta ba.

Yanzu ƙarfe sha ɗaya ta wuce, har yanzu ba wuta, hadari ya haɗo ta gabas amma da alama iska ce kawai. Kuben na rataye a ƙusar bayan ƙofa, ban samu kara ba sai na zura masa tsinken tsintsiya guda biyar na ɗaure. Gafakar Baba ma tana can saman sif ɗin, wurin da wuƙar ta kwana, da Alƙur'aninsa a ciki, tun ranar da na ɗora ban sauke ba. Na haska fitilar waya ɗazu na hango gefenta sai na kashe. Sai da safe in Allah ya kai mu, kuma in na sauke wajen Hajiya zan fara kaiwa kafin in taɓa komai.