Ranar da teku ya janye ya bar mu a Paje

Da la'asar sakaliya muka isa Paje, ni da uwargida, bayan kamar awa ɗaya a mota daga filin jirgin sama na Abeid Amani Karume da ke tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Watan Janairu ne na 2025, Rajab ya kusa rabawa. Ɗakin da muka kama yana kallon gabas, ruwa kuwa ya cika har yana dukan katangar otal ɗin, shuɗi garau kamar an zuba bula. Ni mutumin Kano ne, babban ruwan da na sani shi ne na Tiga, shi ma sau biyu na taɓa zuwa. Na tsaya a baranda na ce wa Hajiya kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Da asuba ma ruwan yana nan, muna jin ƙararsa. Muka yi salla muka koma barci saboda gajiyar hanya. Wajen ƙarfe goma ta buɗe labule, sai na ji ta ce, "Malam, ina ruwan?"

Na ce, "Ina ruwan wa?"

Ta ce, "Tashi dai ka gani."

Babu teku. Farin rairayi ne shimfiɗe iya ganinka, da 'yan kududdufai nan da can, da kwale-kwale a kwance bisa haƙarƙarinsu kamar shanun da suka ƙoshi. Can nesa, fiye da kilomita guda, ana hango wani farin layi na kumfa. Mata kuma suna tafe a inda jiya ruwa zai shanye mutum, ɗauke da buhuna a ka. Wallahi abin da ya fara zo mini a rai shi ne labarin da na taɓa ji, wai in teku ya ja da baya haka ambaliya ce ke tafe. Na sa riga a baibai na sauka wurin masu karɓar baƙi. Yarinyar da ke wurin ta danne dariyarta, ta nuna mini wani ɗan allo a jikin bango wanda na wuce jiya ban ko kalla ba. Kullum ana rubuta lokacin cikar ruwa da lokacin janyewarsa a kai.

A nan na fara karatun da ya kamata in yi tun kafin in sayi tikiti. Teku yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50 kowace rana. Wata ne ke jan sa. Idan wata ya cika, ko kuma ya ɓata gab da tsayuwar sabo, ruwan yakan cika sosai ya kuma janye sosai, har bambancin ya kai wajen mita 4. Mutanen wurin suna kiran wannan lokaci bamvua. Sauran kwanakin, wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, ruwan ba ya nisa, su ce maji mafu, wato mataccen ruwa. Gabashin tsibirin kuma shimfiɗaɗɗe ne har zuwa duwatsun murjani da suka tare igiyar ruwa, shi ya sa ɗan saukar nan ke kwashe ruwan gaba ɗaya. Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne, kalandar da ake buƙata tana cikin aljihuna. Duk wanda ya san kwanan watan Musulunci ya san halin da tekun Paje zai kasance. Mu mun sauka ana gobe-jibi sha huɗu ga Rajab, wato a tsakiyar bamvua. Da iyo kawai muke so a kowane lokaci, da Nungwi ko Kendwa da ke arewacin tsibirin muka nufa, inda gaɓar take da zurfi kuma ruwan ba ya gudu haka. Hotunan da na gani a intanet duk a lokacin cika aka ɗauke su, ba wanda ya yi mini ƙarya, ni ne ban tambaya ba.

Maganar takardu ba zan ja ta ba. A lokacin da muka je, mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira amincewa, don haka kada a bar ta sai tafiya ta matso. Ana neman katin rigakafin cutar shawara. Tun watan Oktoban 2024 kuma duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin ta dala 44, ko da yana da wata. Mun bi ta Addis Ababa. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Masu canji ba sa son tsofaffin takardun dala, an dawo mini da guda biyu.

Da na gane ba ambaliya ba ce, sai ƙarfin hali ya zo mini. Na ce mu taka har wurin kumfar nan. Wani yaro ya biyo mu da takalman roba na shiga ruwa yana tallarsu, Hajiya ta ce mu saya, na ce wayo ne irin na masu cin kuɗin baƙi, ƙafar da ta taka ƙaya a gonar Kura ba rairayi ne zai gagare ta ba. Ita ta sayi nata. Mun yi tafiyar kamar minti ashirin, ruwa iya idon sawu, ɗumi kamar na wanka, sai na ji wani abu ya soke ni a dunduniya har cikin kaina. Wata baƙar halitta ce mai dogayen ƙayoyi, kamar bushiya ta dunƙule, suna nan birjik a cikin ramukan dutse. Ƙayar tana karyewa a cikin nama, in ka ja sai ta ruguje kamar gawayi.

Matan da ke aiki kusa da mu ne suka cece ni. Wata dattijuwa ta zaunar da ni a kan buhunta, ta kama ƙafar ta duba, ta girgiza kai, ta yi wa Hajiya magana da hannu tana nuna takalmanta tana nuna ƙafata. Ba sai an fassara ba. Da muka fito ta aika wani yaro ya tsinko ɗanyar gwanda, ta tsaga bawon ta shafa farin ruwan a wurin, ta matsa lemun tsami. Daga baya na je wani ƙaramin asibiti aka ciro abin da zai ciru, aka ce sauran jiki zai narkar da shi. Hajiya ba ta ce komai ba duk ranar, sai dai da dare ta ajiye takalmanta a bakin ƙofa inda dole in tsallake su.

Amma ciwon ya yi mini rana, domin shi ya zaunar da ni a wurin matan nan. Gona suke yi a cikin teku. Sukan kafa turaku a rairayi, su ɗaura igiyoyi tsakaninsu, su ƙulla 'yan rassan wata ciyawar ruwa da suke kira mwani a jikin igiyar. Bayan kamar sati shida ta yi girma, su tsinke, su shanya a ƙasa ko a kan ganyen kwakwa har ta bushe ta koma ruwan hoda da shunayya, 'yan kasuwa su saya a fitar waje. Daga cikinta ake samun sinadarin da ke sa man goge baki da askirim kauri. A 1989 aka fara noman a Paje da Jambiani, da irin da aka kawo daga Filifin, kuma har yau aikin mata ne galibi. Ba sa iya shiga gonar sai ruwa ya janye sosai. Ashe kwanakin da nake ganin an cuce ni, su ne kakarsu. Suna zaune cikin ruwa iya ƙugu, da zannuwansu na kanga da lulluɓi, rana na dukansu, a bayansu kuma Turawa na shawagi da wasu manyan lemomi da iska ke ja a kan allo, wasan da ya sa Paje ta yi suna. Na tambayi dattijuwar nawa ake sayen kilo, da ta faɗa sai na lissafa na ga kofin shayi ɗaya a otal ɗinmu ya fi kilo da yawa. Ban sake yi mata tayi ba a kan sabulun mwani da 'yarta ke sayarwa.

Dattijuwar ce kuma ta koya mini abin da zai iya kashe baƙo. Ruwan ba daga gabanka kawai yake dawowa ba. Yana fara cika kwaruruwan da ke bayanka, kana can kana ɗaukar hoto sai ka waiwaya ka ga kogi tsakaninka da gaɓa. Idan ka ga matan sun fara ɗaure buhuna, kai ma juya.

Sallar farko da na yi a ɗakin, gabas na fuskanta, ban ko yi tunani ba. A bakinmu ai gabas ita ce alƙibla. Sai da na shiga masallacin ƙauyen na ga sahu ya juya wa tunanina baya: teku yana hannun dama. Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, don haka alƙiblarsu arewa ce. Na koma ɗaki na tarar da ɗan kibiya a manne cikin aljihun tebur, shi ma ban duba ba. Yawancinsu Shafi'awa ne, liman yana bayyana bisimilla, da asuba kuma ana ɗaga hannu a yi alƙunutu a bayyane. Bayan salla wani tsoho ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, Kano. Yara suna zuwa suna ce masa shikamoo, yana amsawa marahaba, kalmar ta yi mini kama da gida. Irin waɗannan suna da yawa: habari da labari, sabuni da sabulu, dunia, Alhamisi, karafuu da kanumfari. Larabci ne ya shiga bakinsu ta teku, mu ya shigo mana ta hamada.

Wannan kamancen ne ya yaudare ni a rana ta biyar. Na shirya da wani masunci zai fitar da mu a ngalawa, wani siririn kwale-kwale mai filafilai biyu na katako a gefe da tanti na yadi. Na tambaye shi lokaci, ya ɗaga yatsu biyu ya ce saa mbili. Sa'a biyu, na ce na gane, ƙarfe biyu. Muka ci abincin rana muka fito a tsanake, sai ga jirgin a kwance kan rairayi, mai shi yana gyaran raga a inuwa, ransa a ɓace. Tun ƙarfe takwas na safe yake jiranmu. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗaya, takwas shi ne biyu, tunda kusa da tsakiyar duniya suke kuma rana ba ta cika sauya lokacin fitowa ba. Ya yi asarar fita kamun kifi saboda ni. Na biya shi rabin kuɗin, washegari muka fita, a wannan karon na sa ya nuna mini a fuskar agogona.

Abin da ban so ba shi ne bakin ruwan da yamma. Samari masu neman baƙi, waɗanda mutanen gari da kansu suke kira papasi, wato kaska, ba sa barin mutum ya yi taku goma. Sallama da "asante" sau ɗaya cikin sakin fuska ta fi yi mini aiki a kan ɗaure fuska. Akwai giya, akwai kiɗa har tsakar dare a wasu wuraren, akwai shigar da mai iyali zai kawar da kai. Wanda zai je da yara ya tambayi otal tun kafin ya biya ko akwai mashaya kusa. Taku ɗari a bayan otal-otal ɗin kuwa ƙauyen Musulmi ne sosai, da makarantar allo da awaki da mata a layin famfo da jarkoki, alhali mu muna da tafkin wanka a tsakar gida. Ruwan famfon ɗakinmu ma da ɗan gishiri-gishiri, na sha sai na gora.

Abinci bai ba mu wahala ba. Ugali ɗan'uwan tuwon masara ne, sai dai ya fi tauri kuma ba miyar kuka. Na ci pweza, wata halittar teku mai hannaye takwas, a cikin miyar kwakwa, Hajiya ta ce ko a mafarki. Ita kifi gasasshe da shinkafar pilau ta riƙe, da yajin da ta ƙullo daga gida, wanda har mai dafa abincin ya roƙi a bar masa ragowar. A cikin ƙauye farantin da ya fi na otal daɗi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa ba.

Kwana ɗaya muka ba tsohon birnin, Mji Mkongwe, kuma ya yi kaɗan. Lunguna ne matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa, tun zamanin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa nan a 1840. Mun shiga inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, yanzu coci ne a wurin, muka sauka ɗakunan ƙasa da rufinsu bai bari mutum ya miƙe ba. Hajiya ta fito ba ta magana. A kasuwar Darajani ta sayi kanumfari da kirfa na tsaraba, har sai da na tuna mata da awon kaya a filin jirgi.

Kwana biyun ƙarshe ruwa ya daina nisa, kamar yadda allon ya nuna. Na shiga iya ƙirji da takalman roba a ƙafata, na yaron nan, wanda ya ƙara mini kuɗi a kan abin da ya sayar wa Hajiya kuma ban yi musu ba. Wuyana da kafaɗuna sun saɓule kamar na maciji, ni da nake cewa baƙar fata ba ruwanta da man kariyar rana. Guntun ƙayar kuwa bai narke ba. Sati uku bayan mun dawo, ina alwala a masallacin unguwarmu, ya fito da kansa, ɗan baƙi kamar ƙwayar riɗi.